Ba Phil Collins Ne Ya Kashe Genesis Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan rubutun da ya fito a shafinku na nishaɗi, inda marubucin ya jawo labarin ƙungiyar makaɗan nan ta Ingila, Genesis, ya kafa hujja da ita a kan mawaƙanmu da suka jingine kalangu suka rungumi fiyano. Na yi murna da ganin sunan a jaridar Hausa, don ban zaci akwai sauran mai tunawa da su a wajenmu ba. Sai dai hukuncin da ya yanke, wai Phil Collins ne ya gaji ƙungiya mai zurfin fasaha ya mayar da ita kantin waƙoƙin soyayya don kwaɗayin kuɗi, tsohon hukunci ne da jaridun kiɗa na Ingila suka daɗe suna yi, kuma an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ni tsohon injiniyan sauti ne. A gidan rediyo na yi aiki har na yi ritaya, kuma a lokacin da aka tura mu kwas Ingila cikin shekarun 1970 na fara sayen faya-fayen mutanen nan, wasu ma na hannu ne daga kasuwar gwanjo. Har gobe suna nan a kabad ɗina, iyalina sun gaji da yi mini ƙorafin ƙura. Saboda haka ina cikin waɗanda ya kamata su fi kowa jin haushin sauyin da aka samu. Ina jin haushin kuwa, zan zo kansa. Amma a fara faɗin yadda abin ya faru tukuna.

A 1967 aka kafa Genesis a Charterhouse, makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali a gundumar Surrey. Peter Gabriel da Tony Banks da Mike Rutherford da Anthony Phillips duk ɗalibai ne a can. Abin da marubucinku ya tsallake shi ne, yaran nan tun farko ba dogayen waƙoƙi suka sa a gaba ba. Burinsu su rubuta gajerun waƙoƙi masu shiga kasuwa, su sayar wa wasu su rera. Jonathan King, wanda shi ma tsohon ɗalibin makarantar ne, shi ya raɗa musu suna ya kuma shirya musu faifan farko a 1969, kuma don su burge shi har waƙa suka tsara da salon Bee Gees, saboda sun san yana son su. Faifan bai yi kasuwa ba ko kaɗan. Wato kasuwa suka fara yi wa sallama, ita ce ta ƙi amsawa. Daga nan ne suka koma suka riƙa tsawaita waƙa suna murɗa ta, domin a lokacin abin da ɗaliban jami'o'in Ingila ke biyan kuɗi su zauna a ƙasa su saurara ke nan.

Collins ya shigo a 1970 a matsayin makaɗin ganga, Steve Hackett mai jita ya biyo baya ba da daɗewa ba. Su biyun ba 'yan Charterhouse ba ne, ta hanyar talla a jaridar Melody Maker aka same su. Da waɗannan mutum biyar aka yi zamanin da irinmu ke kuka da shi. Faifan Foxtrot na 1972 shi ne na fi riƙewa a hannu. Idan ka juya shi gefe na biyu, za ka ga wani ɗan siririn zobe a bakin faifan, wannan ɗan kiɗan jitar Hackett ne shi kaɗai, bai kai minti biyu ba. Daga nan har tsakiya babu rata, tsagi ɗaya ne miƙe, waƙa guda mai suna Supper's Ready, kusan minti 23. Ita ce bakandamiyarsu. Tana farawa a hankali da jita mai tsirkiya goma sha biyu da murya kamar ana raɗa, ta bi ta sassa bakwai, a kusa da ƙarshe ta faɗa wani kari mai bugu tara wanda ganga da jita suke nanatawa kamar sussuka, Banks yana yawo da ogan a kansu ba tare da ya bi lissafinsu ba. A wurin aiki mun riƙa yi wa juna ba'a cewa idan ka ɗora mata allura, za ka je ka yi alwala ka yi la'asar ka dawo ba ta kai ƙarshe ba. To, wane mai gabatar da shiri ne zai sa ta a filin zaɓi sonka, alhali ga tulin katunan gaisuwa a gabansa, ga labarai na jira a kan ƙarfe? Ba mu taɓa sa ta ba. Mu ma da muke son ta, a gida muke ji.

Gabriel kuma, wanda shi ne mai rera musu waƙa, ga shigar ban mamaki. A Dablin a 1972 ya fito dandamali da jar rigar matarsa da kan dila, bai ko shawarci sauran ba. Daga baya ya zo da hular fure da sauran tarkace. Wannan ya sa jaridu suka san da su, amma bai cika musu aljihu ba. Duk shekarun da ake kira na zinariya, bashi suke ciki. Mai kamfanin faifansu na Charisma, Tony Stratton-Smith, shi ya riƙa ɗaukar nauyinsu shekara da shekaru yana jiran ranar da za su biya.

Gabriel ba korarsa aka yi ba. A 1975, bayan sun gama yawon faifan The Lamb Lies Down on Broadway, ya tafi don kansa. Matarsa ta sha wahalar haihuwa, jaririyar ta daɗe a asibiti, ga kuma tsamin dangantaka saboda jaridu sun ɗauka shi kaɗai ne ƙungiyar, alhali yawancin kiɗan Banks da Rutherford ne ke tsarawa. Aka sa talla ana neman mawaƙi, ɗaruruwa suka nema. Collins ne yake koya wa masu zuwa gwaji yadda za su rera, har sauran suka lura malamin ya fi ɗaliban. Shi ba ya ma son barin bayan gangarsa. Kuma me ya biyo baya? Faya-faye biyu a 1976, A Trick of the Tail da Wind & Wuthering, duka cike da dogayen waƙoƙi da murɗaɗɗen kari, babu wanda zai saurare su ya ce an sayar da wani abu. A daidai wannan lokacin kuma Collins yana buga wa wata ƙungiyar jaz mai suna Brand X ganga, kiɗan da ya fi na Genesis wuyar bi nesa ba kusa ba. Mutumin da ake cewa bai san komai ba sai waƙar minti uku, shi ne ya fi kowa a cikinsu son kiɗa mai ƙulli.

Idan ana neman ranar da aka yi kwana, a duba 1977, lokacin da Hackett ya fita saboda yana ganin ba a ba waƙoƙinsa isasshen gurbi. Ba a ɗauki wani a madadinsa ba. Rutherford ya haɗa jita da bas, shi kuwa gwanin riƙe kari ne, ba mai doguwar jita mai kuka irin ta Hackett ba. Da mutum uku suka rage, waƙoƙi suka gajarce da kansu. A 1978 suka fitar da Follow You Follow Me, ta hau ta bakwai a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila, ta kuma buɗe musu rediyon Amurka. Su da bakinsu sun sha faɗa cewa daga ita ne mata suka fara zuwa wasansu, a da maza ne zalla masu dogon gashi. Wa ya rubuta baitocinta? Rutherford, ɗan Charterhouse, ɗan asalin gidan. Collins a lokacin bai ma zama marubucin waƙa na sosai ba. Sai da aurensa na farko ya mutu a wajajen 1979 ya zauna shi kaɗai a gida da fiyano da na'urar ganga yana zuba baƙin cikinsa, biyu daga ciki suka shiga faifan Duke na 1980, sauran suka zama faifansa na kansa a 1981. Kuma tun daga faifansu na 1983 har Collins ya tafi, duk waƙar da Genesis ta fitar sunan su ukun ne a kanta, don a ɗakin ɗaukar sautinsu da ke Surrey suke haɗuwa hannu rabbana, su yi ta bugawa har waƙa ta fito. Wanda ya san halin Tony Banks, mutumin da ko Gabriel bai iya tanƙwara shi ba tun suna yara, ba zai yarda makaɗin ganga ya ja shi da igiya zuwa inda ba ya so ba.

Sannan ba su kaɗai ba ne. A 1976 da 1977 samarin kiɗan tawaye da ake kira punk suka ɓarke a Landan da waƙoƙin minti biyu da ihu, jaridun da suka ɗaga irin su Genesis jiya suka wayi gari suna kiransu tsofaffin dodanni. Cinikin faifai ya ja baya a ƙarshen shekarun 1970, kamfanoni suka daina haƙurin renon ƙungiya shekara biyar ba riba. A watan Agustan 1981 tashar MTV ta buɗe a Amurka, waƙa ta koma abin kallo na minti huɗu. 'Yan ƙungiyar Yes, waɗanda suka taɓa cika faifai biyu da waƙoƙi huɗu kacal, suka dawo a 1983 da faifan 90125, waƙarsu ta hau ta ɗaya a Amurka a farkon 1984. Manyan gwanaye daga ƙungiyoyin Yes da King Crimson da ELP suka haɗa wata ƙungiya mai suna Asia a 1981 suna yin gajerun waƙoƙin rediyo. Duk waɗannan babu Phil Collins a cikinsu. Hackett kansa, wanda muke ɗauka waliyyin tsohon salo, a 1985 ya haɗu da Steve Howe, mai jitar Yes, suka kafa ƙungiyar GTR suna neman kasuwar Amurka, suka kuma same ta daidai gwargwado. Abin dariyar ma shi ne na watan Yulin 1986: waƙar Invisible Touch ta Genesis ta hau ta ɗaya a Amurka, mako guda tak aka ture ta, wadda ta ture ta kuwa Sledgehammer ce ta Peter Gabriel, da ƙahonninta da rawarta da bidiyonta. Shi ba a ce ya ci amana ba.

Bari in ɗan tsaya a kan abin da ya shafi sana'ata, don nan ne na fi jin an yi wa mutumin rashin adalci. Sautin gangar nan mai faɗuwa kamar an rufe ƙofar ƙarfe, wanda ya cika waƙoƙin shekarun 1980 har ya gundure mu, ana kawo shi a matsayin shaidar cewa Collins ɗan kasuwa ne. A ina aka haife shi? A wurin ɗaukar faifan Gabriel na uku, wanda ya fito a 1980, faifan da ke ɗauke da waƙar Steve Biko, ɗan gwagwarmayar Afirka ta Kudu, kuma ɗaya daga cikin mafi nisa da kasuwa da Gabriel ya taɓa yi. Gabriel ya gayyaci tsohon abokinsa ya buga masa ganga a sutudiyon Townhouse a Landan, ya kuma hana a taɓa ko ɗaya daga farantan ƙarfen nan da ake bugawa tare da ganga, ganguna zalla. A teburin haɗa sautin akwai wani makirfo da aka rataye a ɗakin makaɗa don kawai injiniya ya ji abin da suke cewa, an sa masa na'ura mai matse sauti sosai yadda ko raɗa aka yi za a ji. Injiniyan, Hugh Padgham, ya buɗe shi Collins yana tsakiyar bugu, sai sautin ɗakin gaba ɗaya ya faɗo masa a ka, ƙato, kamar gini na rushewa. Suka haɗa shi da wata na'urar da ke datse sauti da zarar ya fara raguwa. Sakamakon shi ne bugu ya kumbura, amsa-kuwwarsa ta taso, sai a guntule ta tashi ɗaya, shiru ya biyo. Duk injiniyan da ya taɓa zama gaban tebur ya san irin wannan dace sau nawa yake zuwa a rayuwa. Gwajin fasaha ne tsantsa, daga baya kasuwa ta ɗauka ta yi ta kwafa har ya zama abin ƙyama.

Wani abin kuma, gajartar waƙa ba ita ce sauƙinta ba. A ɗauki Turn It On Again ta 1980, wadda ta shiga goman farko a Ingila, ake kuma tafa mata a filayen wasa. Ka sa ta ka riƙa buga tebur da yatsa huɗu-huɗu yadda aka saba, kafin ka je ko'ina za ka ji hannunka ya saɓa da gangar. Bugu goma sha uku ne a zagayenta. Na taɓa sa wa wani ɗan ƙanena mai buga fiyano a wuraren biki, ya ce ai wannan mai sauƙi ce, ya zauna zai bi, sai ga shi yana ƙirga da baki yana ɓata fuska. Sun ɓoye wahalar ne a ƙarƙashin amshi mai daɗi, kuma a ganina wannan ya fi nuna wahalar a fili wuya. Ko a faifan Invisible Touch, wanda ake ɗauka ƙarshen lalacewa, akwai waƙa mai kusan minti tara da wata mai fiye da goma. A na 1991 akwai ta minti goma a kan leburorin da suka shimfiɗa layin dogo a Ingila da yadda suka riƙa mutuwa a ramuka.

Akwai labari guda da nake so marubucinku ya sani. A watan Yulin 1982 Gabriel ya shirya bikin WOMAD na farko a Shepton Mallet don ya gabatar wa Turawa kiɗan sauran duniya. Makaɗan tambura na Burundi sun je, Prince Nico Mbarga na nan gida Najeriya ma ya je. An yaba bikin, amma asara ta yi masa katutu har yana fuskantar karayar arziki. Su wa suka cece shi? Mutum ukun nan da ake cewa sun sayar da kansu. Ranar 2 ga Oktoban 1982 suka haɗu da shi a filin Milton Keynes, cikin ruwan sama da taɓo, suka buga tsofaffin waƙoƙi dare ɗaya, Hackett ya iso a ƙarshe ya shiga, aka biya bashin da kuɗin ƙofa. Bikin ya rayu, ya zama hanyar da mawaƙan Afirka da dama suka bi suka isa kunnen Turai. Da Genesis na nan cikin bashinta na 1973, da babu mai iya wannan taimako.

Yanzu ga nawa haushin. An yi asara, ba zan ɓoye ba. Sarewar Gabriel ta tafi. Jitocin nan masu tsirkiya goma sha biyu da suke saƙa da juna sun tafi. Wuraren da kiɗa ke sauka ƙasa-ƙasa har ka matso kusa da lasifika sun tafi, domin wanda ke buga wa mutum dubu saba'in a filin wasa na Wembley, kamar yadda suka yi dare huɗu a jere a 1987, ba shi da halin yin raɗa. Tatsuniyoyin Ingila da barkwancinsu na 'yan makarantar kwana sun ba da wuri ga ke da ni da zuciyata. Kuma a kunnena na injiniya, na'urorin lantarkin 1986 sun fi tsufa a yau fiye da ogan da ganga ta fata na 1973. Idan aka ce in ɗauki faifai ɗaya in bar sauran, Selling England by the Pound zan ɗauka ba tare da na waiwaya ba. Masoyansu a Holan har ihu suka yi musu a 1981 da suka buga sababbin waƙoƙi, kuma da ina wurin ban san ko zan hana su ba. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Cewa na fi son na da daban, cewa an ci amanata daban. Ba su yi mini alkawarin za su dawwama suna 'yan shekara ashirin da uku ba.

A kan mawaƙanmu kuwa, ina ganin misalin bai zauna ba. Wannan ra'ayi na cewa kuɗi na ƙazantar da waƙa, na 'yan jaridar kiɗan Landan ne da ɗaliban da iyayensu ke biya musu kuɗin makaranta. Mu a nan ba mu taɓa ɓoye cewa kiɗa sana'a ce ba. Shata ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi, an ba shi riguna da motoci a bainar jama'a, ba wanda ya ce fasaharsa ta ragu don haka. Makaɗin fada yana da ubangida guda mai ciyar da shi, shi ya sa yake da sararin zama ya ƙera waƙa baiti bayan baiti. Genesis ma ta yi nata ubangidan a Charisma. Da zamanin iyayen gida irin wannan ya wuce, mai ciyarwa ya koma rediyo da talabijin da mai sayen tikiti, sai waƙar ta bi shi. Idan marubucinku na son sanin abin da ya sa yaranmu ke yin waƙar minti huɗu da fiyano, ya binciki wanda ke biyansu a yau da kuma tsawon abin da waya ke bari mutum ya saurara kafin ya dangwala gaba. Zagin yaran ba zai dawo da kotso ba.

Collins ya bar Genesis a 1996. Da shi ne ya danne sauran, ai ranar 'yanci ta zo ke nan. Banks da Rutherford suka ɗauko wani matashi ɗan Sikotilan, Ray Wilson, suka fitar da Calling All Stations a 1997. Ba su koma waƙar minti ashirin ba, kuma Amurka ta juya musu baya har aka soke yawon da suka shirya a can. Daga shi ba su sake sabon faifai ba. Sun sake haɗuwa da Collins a 2007, sannan suka yi wasan ƙarshe a Landan ranar 26 ga Maris 2022, ɗansa Nic ne a kan ganga saboda lalurar baya da jijiya ta hana uban riƙe sanda, Gabriel kuma yana cikin 'yan kallo. Mai son tsohon salo bai rasa ba, Hackett na nan yana zagaya duniya da tasa ƙungiyar yana buga faya-fayen shekarun 1970 daga farko har ƙarshe.

Ina roƙon ka, Malam Edita, idan shafin zai sake komawa kan irin wannan batu, a ba shi fili fiye da rabin shafi, kuma a riƙa duba bayan faifai a ga wanda ya rubuta waƙa kafin a ɗora wa mai rerawa. A gaishe mini da marubucin, ya yi ƙoƙari, kuma ƙofata a buɗe take idan yana son ya ji Foxtrot a kan garmaho. Ya dai zo da lokacinsa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon injiniyan sauti,
Kaduna.